Darasi Daga Hajjin Ƙafa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ƴan'uwa Musulmi, kakanninmu na Damagaram sun ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, shekara da shekaru, domin sauke farali. Suratul Hajji, aya ta 27, ta ambaci masu zuwa da ƙafa. Mai harama kuwa ko farauta ba ya yi, balle zub da jini.

Wasu al'ummu ma sun yi tattakin zaman lafiya. A 1962 Satish Kumar ya taka daga Indiya har Mosko da Faris, yana kiran a watsar da makaman ƙare-dangi.

Mu mutanen Takieta abin ya shafe mu, domin tun 1971 aka fara haƙo yuraniyom a Arlit. Mu roƙi Allah kada arzikin ƙasarmu ya zama makamin hallaka bayinSa. Amin.