Yadda Ake Gane Gidan Hayar Bogi Kafin a Tura Kafin Alƙalami

Mutanen Magarya da Dungas matafiya ne tun asali. Ranar Alhamis hanyar Maigatari cika take da masu kai dabbobi kasuwa, ɗan kasuwar Bande ko Wacha kuma ya san Kantin Kwari da Dawanau kamar yadda ya san kasuwar garinsu. Ga masu jinya da ake turawa babban asibitin Damagaram ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga ɗalibai masu zuwa Jami'ar André Salifou, ga masu neman takardu a Yamai, ga masu Umara. Kowannensu yana buƙatar inda zai kwana, wani kwana uku, wani wata guda.

A da wannan ba abin damuwa ba ne. Fatake suna da fatoma, suna da maigida a zango, wanda zai ba su ɗaki, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a ciniki. Mutum ne mai gida da iyali da suna a unguwa, in ya ci amana gobe babu baƙon da zai sauka wurinsa. Yanzu kuwa hoto ne ke zuwa ta WhatsApp ko Facebook ko TikTok: falo mai tayil, na'urar sanyaya ɗaki, lambar waya a ƙasa. Wanda ya saka hoton babu wanda ya san fuskarsa, ba shi da abin da zai rasa. Dukan matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce, wato a nemo mutum sananne da zai tsaya tsakanin baƙo da gidan kafin kuɗi su bar aljihu.

Kada a ɗauka ƙauyanci ne ke sa a faɗa tarkon. A watan Yulin 2022, mutane kusan 100 daga ƙasashe daban-daban sun yi ta ƙwanƙwasa ƙofar wata mata a arewacin London da akwatunansu, saboda wani ya saka adireshin gidanta a Booking.com, ita kuwa ba ta taɓa ba da haya ba. A 2023 kamfanin Airbnb ya ce ya cire tallan gidajen bogi 59,000 daga shafinsa. Idan haka take a inda kowane gida ke da lamba, ina ga garuruwan da kwatance shi ne "bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai"?

Matakin farko shi ne a san farashin gari kafin a duba kowace talla. Mai niyyar tafiya ya kira mutum biyu ko uku mazauna garin, direban tasha ma ya isa, ya tambayi nawa ɗaki ko gida mai kaya yake a unguwar da yake so. A ce an gaya masa jaka 20 a kwana, sai ga talla mai gida da ya fi kyau a jaka 7, to ruwa ba ya tsami banza. Macuta sun fi baza tallarsu lokacin da masauki ke wuya: hutun Sallah, komawar ɗalibai, lokacin jarrabawar ɗaukar ma'aikata, da goman ƙarshe na azumi a Makka.

Daga nan sai hoton kansa, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. Yawancin hotunan bogi na sata ne, an kwaso su daga tallan wani otel ko na dillalan Dakar, Abidjan ko Legas. Akwai Google Lens a akasarin wayoyin Android: a saka masa hoton, zai nuno sauran wuraren da hoton ya bayyana a intanet. In falon da aka ce yana Sabon Garin Damagaram ya fito a shafin wani kamfani na Abidjan, magana ta ƙare. Wanda wayarsa ba ta da ƙarfin wannan, idonsa ma yana aiki. Ya dubi abin da ke bayan taga, ko bishiyoyi da gine-ginen sun yi kama da na garin. Ya dubi lambar motar da ke tsakar gida. Ya lura ko tayil ɗin falo da na ɗaki da fentin bango sun nuna gida ɗaya ne, domin sau da yawa ana haɗa hotunan gidaje uku a ce ɗaya ne. Wasu suna duba soket: a Nijar mai ramuka biyu zagayayyu aka saba, a Najeriya mai uku. Amma wannan kaɗai ba hujja ba ce a bakin iyaka, inda kayan wutar gidaje da yawa daga Kano aka sayo su. Talla mai hoto biyu kacal, babu banɗaki, babu ƙofar gida, babu titi, ita ma abar tuhuma ce. Hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira kuma sun fara yawa. Sukan yi kyau fiye da kima, babu ƙura, babu wayar wuta, wani lokaci ƙofa ko matakala ta tsaya inda ba ta da ma'ana.

Sai a dubi mai tallar. Shafin da aka buɗe makonni kaɗan da suka wuce, babu ƴan'uwa, babu hoton biki ko suna, an kuma rufe wurin sharhi, ba shafin dillalin gaske ba ne. Lambar ma tana magana: ta Nijar da 227 take farawa, ta Najeriya da 234, ta Saudiyya da 966. Mutumin kan iyaka yakan riƙe layi biyu, wannan ba laifi ba ne, amma wanda ya ce gidansa yana Yamai alhali lambarsa ta wata ƙasa ce can daban, sai ya yi bayani.

Mataki na gaba shi ne kiran bidiyo, ba bidiyon da aka ɗauka tun da farko ba. A ce masa: "Alhaji, don Allah a ɗan fita ƙofar gida a nuna mini titin, sannan a shigo a buɗe famfo, a kunna fanka." A roƙe shi ya turo wurin da yake tsaye ta taswirar WhatsApp a lokacin, ya kuma nuna takardar kuɗin wuta ta Nigelec, ko ta KEDCO in a Kano ne. Mai gidan gaske ba ya jin haushin wannan. Macuci kuwa uzurinsa a shirye yake: ya yi tafiya, kyamarar wayarsa ta lalace, makulli yana wurin yaronsa, intanet babu ƙarfi. Uzuri ɗaya ana iya ɗauka. Na biyu ya isa a ajiye waya.

Duk da haka bidiyo ba ya tabbatar da mallaka. Akwai mai kama gida na kwana biyu ya zagaya da mutane goma, ya karɓi kafin alƙalami wurin kowa, ya ɓace. Irin wannan ce ta sa ake ganin rubutu a bangon gidaje a biranen Najeriya cewa gidan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da ƴan 419. Saboda haka matakin da ya fi kowanne nauyi shi ne aike. Gani ya kori ji. Da wuya a sami ɗan Magarya ko Dungas da ba shi da ɗan'uwa, abokin ciniki, ɗalibi ko almajirin garinsu a Damagaram, Maraɗi, Yamai ko Kano. A tura masa kuɗin kabu-kabu ya je ya shiga gidan da ƙafarsa. In ya fito kada ya wuce, ya tsaya wurin mai shago ko mai shayin layin ya tambaya: gidan wane ne wannan, ana ba da shi haya, kun san mutumin da ya buɗe mini? In kuɗin masu yawa ne, ya gaida mai unguwa ya yi masa tambayar. Haka ma wanda aka turo aiki Magarya, malamin makaranta ne, ma'aikacin lafiya ne ko na ƙungiyoyin agaji irin su MSF da ke aiki a garin tun 2005, abokin aikin da ya riga shi zuwa shi ne ɗan aikensa.

Sai biya. Macuci gaggawa yake sayarwa: "akwai mutum uku a layi", "in ba ka turo kafin la'asar ba na ba wani". Yakan fara da kaɗan, kuɗin dubawa ko na riƙe ɗaki, sannan kuɗin ajiya, sannan la'adar wani dillali da ba a taɓa ambata ba. Ƙa'idar da ta fi tsaro ita ce kuɗi da makulli su yi musaya a wuri ɗaya, a gaban shaida, da rasit mai sunan mai gida, ranar shiga, ranar fita da abin da aka biya. In dole sai an ba da wani abu tun daga nesa, kada ya wuce na kwana ɗaya, kuma ɗan aike ya miƙa hannu da hannu. Wanda zai tura ta Nita, Amana, Al Izza, Airtel Money, ko OPay da Moniepoint a ɓangaren Najeriya, ya tabbata sunan mai karɓa shi ne sunan da maƙwabta suka faɗa. "Tura wa ƙanena" ko "asusun matata ne" alama ce mai ƙarfi. Akwai kuma wata dabara: a ce mutum ya tura kuɗin da sunan ɗan'uwansa, ya turo hoton rasit kawai don a ga da gaske yake. Lambar cire kuɗin tana jikin rasit ɗin, kuma ita ake nema. Hoton katin shaida ma kada a tura wa wanda ba a sani ba, domin da shi zai damfari na gaba.

Masu kama ɗaki ta Booking.com ko Airbnb su biya a cikin manhajar kawai. Ko saƙon da ya zo ta cikinta a yi masa kallon tsanaki, domin tun 2023 an ga ɓarayin intanet suna kutsawa asusun otel-otel, su aika wa baƙi cewa za a soke ɗakinsu in ba su sake saka lambar katin banki ta wata mahaɗa ba. Maganinta a kira otel ɗin ta lambar da aka samo daga wani wuri daban, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Batun Makka da Madina ya fi tsanani, domin kuɗin miliyoyi ne, kunyar ibada kuma takan hana tambaya. A Nijar hukumar COHO ce ke kula da aikin Hajji da Umara, don haka maniyyaci ya tabbatar wurinta cewa kamfanin da zai ba kuɗinsa yana da izini. Ya nemi sunan otel da lambar ajiyar ɗaki a rubuce, ya sa a kira otel ɗin, ya kuma duba nisansa da Harami a taswira, domin "minti biyar" na dillali yakan zama tafiyar mota. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutane 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji, abin da ya bar su babu tanti babu motar hukuma. Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 a kan haka.

In kuwa an riga an tura kuɗin, sauri ne kawai ke ceto. A koma wurin da aka tura nan take da rasit, a nemi su tsayar in ba a cire ba. In banki ne a kira shi. Kada a goge hira, a ɗauki hoton tallar da lambar da muryoyin da aka aiko kafin a toshe mutum. Sannan a kai ƙara kwamisariya ko jandarmeri mafi kusa. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, Najeriya kuma tana da EFCC mai ofishi a Kano. A sanar da dandalin WhatsApp ɗin da aka ga tallar, da lambar da hotunan. Bayan ƴan kwanaki wani yakan kira ya ce shi jami'i ne ko masanin kwamfuta, zai dawo da kuɗin in an ba shi na aiki. Sau da yawa mutanen farko ne suka canza layi.