Mutumin da Ya Ci Nobel Sau Biyu

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya aiko da tambaya, wai shin akwai masanin sinadarai da ya taɓa cin kyautar Nobel sau biyu?

To malam, akwai. Frederick Sanger ke nan, Baturen Ingila, haifaffen 1918. A Cambridge ya shafe shekara goma da ɗoriya yana daddatsa insulin, sinadarin da ake yi wa masu ciwon suga allurarsa, yana bin gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, har ya gano yadda tubalansa 51 suka jeru. Aikin haƙuri ne tsantsa, shi ya jawo masa kyautar 1958. Ta biyun ta zo a 1980, kan dabarar karanta DNA.

Ga shi ba ruwansa da neman suna, ko laƙabin "Sir" da aka yi masa tayi bai karɓa ba. Ya rasu a 2013.