KAMA DA WANE BA WANE BA NE: Ƙudan Zuma Mai Gashi da Ƙudan Zuma Masassaƙi

Gabatarwa

Idan aka ce ƙudan zuma, abin da yakan zo zuciyar yawancinmu shi ne wanda yake cika amya a kan ɗorawa ko kuka, wanda muke shan zuma daga saƙarsa. Amma masana sun ƙidaya ire-iren ƙudan zuma wajen 20,000 a duniya, kuma yawancinsu ba su tara zuma da mutum zai ɗiba. A cikin wannan darasi za mu duba biyu daga cikinsu, dukansu manya, masu ƙarar fiffike kamar ƙaramin inji.

Na farko shi ne wanda Turawa suke kira bambulbi. Mu za mu kira shi mai gashi, gama jikinsa duka a rufe yake da gashi mai laushi. Na biyu shi ne masassaƙi, wanda yake huda katako ya yi gida a ciki. Ɗalibai da yawa sukan ga hoton mai gashi a littattafan kimiyya da aka buga a Ingila ko Amurka, sa'an nan su ga wani babban ƙwaro baƙi da rawaya yana shawagi a ƙarƙashin rufin aji, su ce ai shi ne. Ba shi ba ne. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Inda mai gashi yake zaune

Akwai mai gashi iri fiye da 250, masana kuwa sun haɗa su a ƙarƙashin suna Bombus. Ƙwaro ne na ƙasashen sanyi: Turai, arewacin Asiya, Amurka ta Arewa, da duwatsu masu tsawo kamar Himalaya. A Afirka ana samunsa a can arewa da Hamada ne kawai, wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Kudu da Hamada ba gidansa ba ne. Ko a kan duwatsun Jos da Mambila, inda sanyi yakan sa mutum neman bargo, babu shi. Saboda haka kada wani ya ɓata lokaci yana nemansa a lambun makaranta.

Sarauniya a farkon bazarar Turai

Kafin mu ci gaba, sai mu tuna cewa bazarar Turai ba irin tamu ba ce. Tamu lokacin zafi ne da ƙishi kafin ruwa ya sauka. Tasu kuwa lokaci ne da sanyi mai tsanani yake wucewa, ƙanƙara ta narke, itatuwa su toho, daga wajen watan Maris zuwa Mayu.

A lokacin nan ne mutanen Ingila sukan fara ganin wani ƙaton mai gashi yana tashi ƙasa-ƙasa, yana leƙa gindin shinge da ramuka. Wannan sarauniya ce. Ta kwashe watannin sanyi duka tana barci ita kaɗai cikin ɗan rami a ƙasa, ba ci ba sha. Dukan 'yan gidansu na bara sun mutu, uwa da ma'aikata da maza. Ita da 'yan'uwanta sababbin sarauniyoyi ne kaɗai irin da ya rage, kamar iri da manomi yake ɓoyewa a rumbu. Idan ta mutu a makonnin nan, gida guda ne ya mutu tun ba a kafa shi ba.

Abin mamaki shi ne yadda take tashi cikin sanyin da ke hana sauran ƙwari motsi. Naman da ke kaɗa fiffikenta ba ya aiki sai ƙirjinta ya kai zafin digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. Don haka sai ta riƙa karkaɗa naman nan ba tare da fiffiken ya motsa ba, kamar yadda jikinmu yakan yi rawar ɗari da asuba a watan Janairu. Karkarwar tana kawo zafi, gashin kuwa yana riƙe shi kamar rigar sanyi.

Da ta sha ruwan furannin farko ta sami ƙarfi, sai ta nemi wuri, sau da yawa tsohon ramin ɓera. Ta gina ɗan tulu na kaki ta cika shi da ruwan fure mai zaƙi, ta curo garin fure, ta sa ƙwai a kai. Sa'an nan ta kwanta a kansu tana ɗumama su kamar kaza, tana kurɓa daga tulun nan don kada ƙarfinta ya ƙare. Bayan mako huɗu ko biyar ma'aikata na farko su fito, dukansu mata, su karɓi aikin neman abinci. Gidan yakan kai ƙwari 50 zuwa 400, ba dubbai kamar amya ba. Can ƙarshen lokacin ɗumi sai a haifi maza da sababbin sarauniyoyi, su yi barbara, sanyi ya dawo, labarin ya sake farawa.

Amfaninsa ga manomi

A shekarar 1859 masanin halittu na Ingila, Charles Darwin, ya lura cewa wata ciyawar dabbobi mai jan fure da ake kira kuloba ta dogara ga mai gashi kafin ta yi iri, domin harshensa dogo ne, yana kaiwa can cikin furen. Manoman Niyu Zilan sun ga gaskiyar wannan da idonsu. Sun shuka ciyawar ta fito da kyau, amma ba ta ba da iri sosai, sai da aka kai musu sarauniyoyi daga Ingila cikin jirgin ruwa a 1885.

Akwai kuma wata baiwa da ƙudan amya ba shi da ita. Furen tumatir yana riƙe garinsa a ciki, ba ya sakinsa sosai sai an girgiza shi. Mai gashi yakan kama furen da baki, ya karkaɗa jikinsa da ƙarfi, garin ya zubo masa kamar an kaɗa buhun fulawa. A da, masu noman tumatir cikin ɗakunan gilashi a Turai sukan bi fure-fure da wata sanda mai aiki da lantarki suna girgizawa. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara kiwon mai gashi cikin kwali a Beljiyam da Holan ana sayar wa manoma, wannan wahala ta ragu ƙwarai.

Duk da haka yana cikin hatsari. An nome filayen furanni, maganin ƙwari ya yi yawa, cututtuka sun yaɗu. Wani iri a Ingila ba a sake ganinsa ba tun 1988, har aka sanar ya ƙare a ƙasar a shekarar 2000. A 2017 gwamnatin Amurka ta sa wani irin nata cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

Masassaƙi, namu na gida

Masassaƙi kuwa, wanda masana suke kira Xylocopa, yana da iri wajen 500, kuma ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin tamu. Shi ne muke gani a katakon rufi, da ƙofar sito, da busasshen reshe.

Macen ce take aikin. Da haƙoranta take huda rami zagayayye sumul, kamar kafinta ya sa abin huji, faɗinsa kamar ɗan yatsa. Ta shiga kaɗan, sa'an nan ta juya ta bi tsawon katakon. Ba cin katakon take yi ba kamar gara. Zubar da garin take yi waje, shi ya sa mukan ga ɗan tsibin garin katako a ƙasa daidai ƙarƙashin ramin. A ciki takan ajiye curin garin fure, ta sa ƙwai ɗaya a kai, ta toshe da taunannen katako, ta sake yin wani ɗaki a gabansa, har su jeru kamar ɗakunan kwanan ɗalibai. Ba ta da rundunar ma'aikata, ba ta kuma yin saƙa.

Wanda yakan tsaya cak a iska a gaban fuskar mutum kamar zai kawo hari, yawanci namiji ne mai tsaron wurinsa, kuma namiji ba shi da ƙari ko kaɗan. Barazana ce kawai. Macen tana da ƙari, amma ba ta cika harbi ba sai an kama ta ko an tura yatsa cikin raminta.

Yadda za mu bambanta su

A Turai da Amurka, inda dukansu biyu suke zaune, ga alamun da ake dubawa. Mu tuna jikin ƙwaro kashi uku ne: kai, ƙirji, da ciki.

1. Ciki. Na mai gashi a lulluɓe yake da gashi har ƙarshe, sau da yawa da zane rawaya, fari ko ja. Na masassaƙi yawanci baƙi ne mai sheƙi kamar takalmin da aka goge, gashin ya fi yawa a ƙirji.

2. Gida. Mai gashi yana zama a ramin ƙasa ko cikin tarin ciyawa. Masassaƙi yana cikin itace.

3. Zama. Mai gashi yana da sarauniya da ma'aikata masu shiga da fita ta ƙofa ɗaya. Masassaƙi mace ɗaya ce, ko 'yan kaɗan, a rami.

4. Ƙafafun baya. Mai gashi yana da ɗan wuri kamar kwando inda yake manna curin garin fure. Masassaƙi yana ɗaukar garin ne cikin gashin ƙafarsa mai kama da buroshi.

A ƙasarmu akwai masassaƙa masu ɗamarar gashi rawaya ko fari, akwai ma irin da namijin rawaya ne gaba ɗaya, don haka launi kaɗai yana iya ruɗin mutum. Amma mun riga mun san amsar: a nan, babban nan mai huda katako masassaƙi ne.

Abin da ya rage gare mu

Masassaƙi ma ya iya girgiza fure kamar mai gashi. Yana ziyartar furen tumatir da gauta, yana kuma da nauyin da zai buɗe furen wake ya shiga. Wato aikin da manomin Holan yake biyan kuɗi a yi masa, Allah ya ba mu mai yinsa kyauta.

Wani zai ce, me zai hana mu sayo mai gashi daga Turai? Ƙasar Cile ta yi haka a 1997. Baƙon ya fita daga gonaki, ya haye har Ajantina, irin nasu na gida kuwa, wanda yana cikin mafi girma a duniya, ya ragu ƙwarai a wurare da yawa. Gara mu riƙe namu da kyau.

Gaskiya ne idan aka bar shi shekara da shekaru a katako ɗaya yakan raunana shi, kuma rufin aji ko na majami'a ba abin wasa ba ne. Maganin wannan ba kisa ba ne. Masassaƙi ba ya son katakon da aka shafa wa fenti, don haka mu shafe namu. Tsohon ramin da muka tabbata ba kowa a ciki mu toshe shi. Sa'an nan mu bar busasshen kututture ɗaya ko biyu a gefen lambu ya zama gidansa. Masu feshin wake su guji yin feshi da safe lokacin da fure yake buɗe, ƙwari suna kai. Ku kuma ƙananan ɗalibai, a daina bugunsa da littafi ko ɗaure masa zare a ƙafa don wasa.

Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kuma kula da ita. Mai kula da gona dole ya san ma'aikatan da ke cikinta.

Aiki domin lokacin hutu

Kowane ɗalibi ya nemi ramin masassaƙi ɗaya a gida, ya auna faɗin bakinsa da rula ba tare da ya sa yatsa ba. Da damina ya zauna minti 15 da safe a gonar wake, ya ƙidaya manyan ƙudan zuma nawa suka sauka a kan fure, ya zana ɗaya, ya nuna kai, ƙirji da ciki. A kawo wa malamin kimiyya idan an dawo.

Allah ya buɗe idanunmu mu ga hikimarsa cikin ƙananan halittunsa. Amin.