Faɗakarwa Ga 'Yan'uwa A Kan Igiyar Shehu Da Haƙƙin Iyali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa almajiran ɗariƙa, ku sani sababin wannan takarda wata mace ce da ta zo zaurena a nan Dabawa a tsakiyar damina, ta durƙusa daga bayan asabari ta ce: Allah Ya gafarta malam, maigidana yau kwanansa tara a zawiya, ciyawa ta cinye gona, rumbu kuwa babu ko zangarniya. Ba zan faɗi sunansa ba, Allah Ya rufa mana asiri gaba ɗaya. Na aika aka kira shi. Ya ce: Malam, tawakkali na yi, na saki duniya. Na ce masa: Ɗana, 'ya'yanka ka saka, duniya kuwa tana nan a bakinka, tun da tuwon maƙwabta kake ci.

Saboda shi da irinsa na so in tuna muku da mutumin da babu mai cewa ya fi shi zikiri a ƙasar nan, wato Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi. An haife shi a Maratta cikin ƙasar Gobir a shekarar 1754, ya zauna Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817. Baƙadire ne, yana ɗan shekara 40 ya ga Shehu Abdulƙadiri Jilani cikin wahayi na waliyyai, kamar yadda ya faɗa a littafinsa na Wurdi. Tutarsa ce Malam Ummarun Dallaje ya karɓo ya kawo wannan ƙasa tamu ta Katsina. Duk wannan kun sha ji. Abin da ba a yawan faɗa muku shi ne abin da hannunsa yake yi.

Malamai sun ruwaito cewa Shehu tufkar igiya yake yi, ana sayarwa, daga nan yake ci. Ku duba fa. Mutumin da almajirai suke tahowa wurinsa daga Gobir da Zamfara da Kabi, da ya buɗe baki da an cika masa gida da hatsi da shanu, sai ga shi zaune yana murza zare a tafin hannu. A shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla, ya ba shi kyautar zinariya mithƙali 500. Shehu bai karɓa ba. Ya roƙi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai amsawa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ni a ganina igiyar nan ce ta ba shi bakin yin wannan magana, domin wanda cikinsa yake hannun sarki harshensa ma yana can. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 har ya rasu a Wurno a 1837, shi ma an ruwaito daga kasabin hannunsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali don cikinsa.

Sa'an nan ku sani haƙƙin iyali bai tsaya ga ci da sutura ba. A cikin Nurul Albabi Shehu ya zargi malaman da suke karantar da almajiran waje safe da yamma don a gan su, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba. Wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya soke shi a kan barin mata su halarci wa'azinsa. Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya mayar masa da jawabi, ya nuna barin su cikin jahilci ya fi muni, labarin yana cikin Tazyinul Waraƙati. Gidan da aka yi wa wannan reno shi ya fitar da Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta naɗa jajisai suna kai karatu ga matan ƙauyuka, su ne 'yan taru. Kai da kake kwana zawiya, matarka ta san abin da ke warware alwala?

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ba malami ne babba ba, Ishmawi da Ahalari ya tsaya. Da asuba in ya idar da wuridinsa sai ya saɓa hauya, ba ya dawowa sai azahar. Da dare ya jiƙa ɓawon rama, ya ɗaura bakinsa a babban yatsan ƙafa, yana tufka muna biya masa allo, mahaifiyarmu tana gefe tana biya nata. In mun yi ɓata ba ya ɗaga kai, sai dai hannun ya tsaya, mu gane mu koma baya. Igiyar guga da dabaibayi yake kaiwa kasuwar Dutsin-Ma, ya sayo gishiri da kanwa da tawada. Tafin hannunsa duk kanta, tasbaha har zamewa take yi. Ban taɓa jin ya ce gona ta hana shi zikiri ba, leɓensa yana motsi a kan kunya kamar yadda yake motsi a sahu.

Shi wancan almajiri kuwa na ce da muƙaddami kada a bar shi ya kwana zawiya sai ya yi maimai. Ya yi fushi, ya ƙaurace mini wata biyu. 'Yan'uwa huɗu suka yi masa gayya ranar Asabar, gero ya samu kaɗan, dawar kuwa ta riga ta tafi. Da kaka ya kawo mini dami ɗaya, na ce ya mayar wa uwar 'ya'yansa.

Wanda ya karanta ya saka marubuci da mahaifansa a cikin addu'a.