LABARIN ƘASA: UNGUWAR DA AKA GINA BISA HANYAR RAIRAYI

In kun buɗe taswirar Afirka, ku bi gaɓar yamma da yatsa daga Ikko, ku wuce Dakar, ku yi arewa har ku kusa kudancin Maroko, za ku ga waɗansu 'yan ɗigo-ɗigo cikin teku. Su ne Tsibiran Kanari. Manyansu bakwai ne, wanda ya fi kusa da gaɓar Afirka kuwa tsakaninsu kamar mil 60 ne. Ko da ya ke ga su a ƙofar Afirka, ƙasar Sifen ke mulkinsu. Cikin 1927 aka raba su lardi biyu, birnin Las Palmas, wanda ke bisa tsibirin Gran Canaria, ya zama babban birnin lardin gabas. Mutanensa wajen 380,000 ne. Unguwa guda ta wannan birni za mu duba, watau wadda ke bakin gaɓar Las Canteras, domin mu ga yadda dutse da iska da rairayi su ke shiga cikin zaman mutane.

Yadda wurin ya ke

Arewa da birnin akwai wani tsauni wanda aman wuta ya tayar, sunansa La Isleta, watau ɗan tsibiri. Da can ruwa ya kewaye shi, kāna rairayi ya yi ta taruwa har ya haɗa shi da babban tsibirin, ya zama kamar kai da wuya. Wuyan nan siriri ne ƙwarai, a wani wuri faɗinsa bai fi yadi 200 da 'yan kai ba. Gabas da shi tashar jiragen ruwa ce, yamma da shi kuwa gaɓar Las Canteras, mai tsawon kusan mil 2. Bisa wuyan nan gidajen unguwar su ke. Gefenta na kudu shi a ke kira Guanarteme, sarautar sarakunan mutanen farko na tsibirin ke nan, tun Sifaniyawa ba su zo ba.

Dutsen da ke tsare gaɓa

Kamar yadi 200 daga bakin ruwa akwai wani dogon fā kwance cikin teku, ya miƙe daura da gaɓa fiye da mil guda. Suna ce da shi La Barra. Asalinsa rairayi ne da ɓawon halittun ruwa, suka daskare suka zama dutse. Ruwan teku ya kan cika ya janye sau biyu kowace rana. In ya janye sai bayan dutsen ya fito fili, manyan raƙuman ruwa su zo su fashe a kansa, abin da ke tsakaninsa da gaɓa ya kwanta lumui kamar tafki, har yara su yi wanka.

To, dutsen nan yana da taushin sassaƙa, ruwa kuma ya kan tsattsafa ta cikinsa. Saboda haka mutanen da suka yi ta fasa shi suna gini, har babbar majami'ar birnin ta sami rabonta. Su kan kuma rarake shi kamar turmi, su ɗora bisa randa, su zuba ruwa, ya riƙa ɗigowa tatacce mai sanyi. Daga nan wurin ya sami suna, gama ma'anar Las Canteras ita ce wuraren fasa dutse. Daga baya aka bar fasa shi. Wanda ke son ya san abin da zai faru da an cinye shi sarai, sai ya dubi kudancin gaɓar, wajen Guanarteme, inda dutsen bai kai ba. Can raƙuman ruwa su kan iso da ƙarfinsu duka, sai gwanayen iyo da samari masu hawan igiyar ruwa bisa allo.

Abin da ya kawo mutane

An kafa Las Palmas cikin 1478, amma tsohon garin yana kamar mil 3 kudu da wuyan nan. Shekaru 400 wurin na nan jigawa, ba kowa sai 'yan masunta. Cikin 1883 aka fara gina babbar tasha, Puerto de La Luz. Jiragen wancan zamani da kwal su ke tafiya, tilas su sami zango tsakanin Turai da Afirka. Cikin 1884 wani Bature ɗan Biritaniya, Alfred Jones, na kamfanin Elder Dempster, ya kafa wurin sayar da kwal a nan. A lokacin jiragen kamfanin nan su ne ke zirga-zirga tsakanin Ingila da Ikko, su kan tsaya su ɗauki kwal, in za su koma gida kuma su yi lodin ayaba da tumatir. Inda aiki ya ke nan talaka ke kai tabarmarsa. 'Yan dako da ma'aikata suka cika La Isleta, attajirai suka gina gidajen shan iska a bakin gaɓa, Guanarteme kuwa ta zama unguwar ma'aikata da masana'antu. Tun wajen 1960 kuma baƙi daga arewacin Turai suka fara zuwa gudun sanyi, aka rushe ƙananan gidaje aka ta da benaye.

Hanyar rairayi

Ga inda darasin ya ke. Kafin a yi gine-gine, teku ya kan fid da rairayi a Las Canteras, rana ta busar da shi, iska mai busowa daga wajen arewa ta kwashe shi ta ƙetare wuyan da shi. Kan hanya ya kan taru ya zama manyan tuddai masu tafiya sannu-sannu, irin na bakin hamada, har ya koma teku ta gefen gabas. Abin da ya shigo ta wannan ƙofa ya kan fita ta waccan, ba ya yawa, ba ya kasawa.

Da aka jera benaye a bakin gaɓa sai suka zama katanga. Tuddan suka ɓace ƙarƙashin titi da siminti, sai sunansu ya rage, gama akwai unguwa a birnin mai suna Arenales, watau wuraren rairayi. Amma teku bai san an toshe hanya ba, yana ta kawo kayansa. Rairayin ya rasa mafita, ya taru a arewacin gaɓar da cikin tafkin nan na bayan dutse, zurfinsa ya ragu, ciyawar ƙarƙashin ruwa wadda 'ya'yan kifi ke fakewa ciki ta binne. Aikin da iska ke yi kyauta ya koma na motoci, sai an biya kuɗi an kwashe.

Mutanen unguwar ma abin ya taɓa su ta wata fuska. Kyaun gaɓar ya sa masu gidaje da yawa sun fi son ba baƙi haya na 'yan kwanaki, kuɗin haya ya hau, 'ya'yan ma'aikatan da suka kafa unguwar suna rasa wurin zama cikinta. Ran 20 ga Afrilu 2024 dubban mutane suka fito tituna a tsibiran suna neman a sa wa abin iyaka.

Yadda za a koyar

Malami ya zuba busasshen rairayi a gefen faifai, ya sa yaro ya yi ta fifita da mafici, aji su ga inda ya nufa. Sa'an nan ya jera 'yan duwatsu tsakiya, a sake fifitawa, su faɗi da bakinsu inda ya taru. Kada ya gaya musu amsa tukuna. In sun gane, ya tambaye su misali daga garinsu, kamar wanda ya yi gini bisa hanyar ruwa da rani, damina ta zo ta tambaye shi.

Tambayoyi

1. Me ya haɗa La Isleta da babban tsibirin?
2. Don me ruwan arewacin gaɓar ya fi na kudu kwanciya?
3. Me ya sa jiragen Ikko su ke tsayawa a Las Palmas?
4. Da kai ne mai shata unguwar tun farko, ina za ka bar fili, don me kuma?