Amsoshin Tambayoyinku: Golf 3 ko Corolla?

Wani mai sauraronmu daga Gusau ya aiko yana tambaya: tsakanin Golf 3 da Corolla ta zamaninta, wacce zai saya?

To malam, sa'o'in juna ne, dukansu a 1991 aka fara fitar da su, ɗaya daga Jamus, ɗaya daga Japan. Golf tana da ƙashi. Leƙa tasha ka ga mai dogon bayan nan, an danƙara mata buhuna har but ya ƙi rufuwa sai da igiya, ga fasinja shida, amma ta kama hanya. Sai dai tana da kukan wayarin, gilashin ƙofa ya maƙale, kuma mai injin 1.8 ba ta wasa da mai. Kayan gyaranta kuwa, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kamar jamfa a Jos.

Corolla ba ta son lodi, amma mai injin 1.3 tsotsar fetur take yi, kuma tana daɗewa ba ta ga bakanike ba.

In haya za ka yi, ɗauki Golf. In kai yara makaranta ne, ni dai Corolla zan ce. Kafin ka biya, durƙusa ka duba ƙarƙashinta, ko tsatsa ta ci.