ZAMAN JIRA BA ZAMAN BANZA BA NE: DARASI DAGA SHEKARAR ANNOBA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Yake jarraba bayinSa da tsanani da sauƙi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa zai waiwayi shekarar 2020, shekarar cutar korona. Manufarmu ita ce mu duba yadda muka yi da lokacinmu sa'ad da aka tilasta mana zama, domin annobar ta wuce, amma ɗabi'un da ta bar mana a gidaje suna nan, kuma samarinmu da yawa har yau cikin jiran aiki suke.

Abin da ya faru

Ranar 11 ga watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta zama annoba game duniya. Ranar 19 ga watan aka samu mutum na farko da ya kamu a Yamai. Kafin watan ya ƙare an rufe iyakoki da makarantu da wuraren ibada, an killace birnin Yamai, an kuma sa masa dokar hana fita da dare. Masallatai ba su buɗe ba sai ranar 13 ga Mayu, bayan azumin 1441 ya wuce rabi. Ƴan lakwal kuwa sai 1 ga Yuni suka koma. A farkon watan Mayun nan ne ministan ayyukan yi da ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ya rasu sakamakon cutar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mu nan Maraɗi, da ƴan'uwanmu na Ƙonni da Magariya, abin ya same mu a kan wani ciwo, domin tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Ɗan dako da ɗan kamasho da direba da mai tuwon tasha duk suka ga abincinsu ya ragu. Wanda ya saba tafiya cin rani ya rasa hanya. Mai takardar shaidar karatu da ya ajiye dosiye a ofis aka ce masa ya dakata. Gari ya waye mutane da yawa ba su da komai a hannu sai lokaci, da wayar salula, da talabijin.

Bin sababi yana daga cikin tawakkali

Annoba ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. A zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, annobar Amwas ta faɗa wa ƙasar Sham, kuma a shekara ta 18 bayan hijira ta ɗauki manyan sahabbai irin su Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Tun da farko Umar ya nufi Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sargu labarin cuta ya riske shi, ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali gefen ciyawa yake nufa.

Wannan misali bai tsaya ga kiyaye lafiya kawai ba, ya shafi neman abinci. Arziki na Allah ne, babu shakka. Sai dai zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma wanda ya zauna a busasshen gefe yana cewa ƙaddara ce, bai fahimci Umar ba.

Samari biyu

A unguwarmu akwai samari biyu da suka gama jami'a shekara guda, kowanensu yana jiran a kira shi aiki. Da aka rufe hanyar Yamai, na farko ya ce babu abin yi sai haƙuri. Yaro ne mai ladabi, ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa. Amma sai ya zama yana kwana a gaban talabijin, daga fim ɗin Indiya da aka fassara zuwa wasan kwaikwayo mai dogon zango, idan wuta ta ɗauke ya koma kan waya. Asuba ta fara kuɓuce masa. Wata rana saƙo ya shigo masa ta WhatsApp cewa wata ƙungiyar agaji tana ɗaukar ma'aikata saboda annoba, sai dai a fara aika kuɗin buɗe dosiye. Ya karɓi jaka 25 a hannun mahaifiyarsa, kuɗin da ta tara daga ƙuli-ƙuli, ya aika. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Na biyu ya tafi shagon kawunsa tela, wanda a lokacin yake ɗinka takunkumin fuska da ƙyallen atamfa. Ya fara da guga da yanke zare, abokansa suna yi masa dariya, wai mai digiri ya koma yaron tela. Da wayar nan irin ta abokinsa ya riƙa kallon yadda ake yanka da haɗi, yana kuma ɗaukar hoton kaya yana aika wa masu saye. Kafin babbar salla ya iya ɗinkin riga. Ban ce muku ya yi arziki ba, kuma har yanzu bai fid da rai da aikin da ya karanta ba. Amma ya yi aure da gumin kansa, kuma bai miƙa hannu ga kowa ba.

Kada wani ya zaci ina wanke kaina. Da aka rufe masallaci ni ma na samu sararin da na daɗe ina kukan rashinsa. Na ɗauko littafin da nake burin bita, amma dare da yawa ya same ni ina jiran a karanta adadin waɗanda suka kamu, daga wannan tasha zuwa waccan, alhali adadin bai canza ba. Littafin ban kai rabinsa ba. A nan na gane gaskiyar hadisin da Imamu Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas, wanda ya nuna cewa lafiya da sarari ni'imomi ne biyu da mutane da yawa suke yin hasara a cikinsu.

Hukuncin talabijin da waya

Malamai sun shimfiɗa ƙa'ida cewa kayan aiki yana ɗaukar hukuncin abin da aka yi da shi. A shekarar nan ta talabijin muka ga harabar Ka'aba babu masu ɗawafi, zukata suka girgiza. Ta rediyo da talabijin tafsirin azumi ya shiga gidaje. Ta nan likitoci suka koya mana wanke hannu da ba da tazara. Saboda haka ba mu ce a fasa akwati ba. Amma kowane mai gida ya auna kallon gidansa da ma'auni uku.

Na farko, me ake kallo? Abin da ba za ka so a yi shi a tsakar gidanka ba, kada ka buɗe masa ƙofa ta gilashi.

Na biyu, awa nawa? Mu yi lissafi. Wanda yake kallo awa 3 kowace rana ya ba da awa 90 a wata, awa 1095 a shekara, wato sama da kwana 45 cur, dare da rana. Da rabin wannan lokaci saurayi yana iya fara koyon gyaran waya, ko haɗa wutar sola, ko rubutu da kwamfuta, ko ya hardace izu da dama.

Na uku, me kallon ya ture? Idan ya ture salla daga lokacinta, ko karatun yara, ko hirar miji da mata, ko barcin da zai ba mutum ƙarfin fita nema da safe, to ya wuce hutu ya zama ɓarna.

Game da waya akwai ƙarin abu guda, shi ne labari. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike kafin mu yi aiki da labarin da ba mu amince da mai kawo shi ba. A 2020 mun ga saƙonnin magungunan ƙarya, mun ga masu cewa cutar babu ita sam, kuma da yawanmu mun tura su gaba ba mu tambaya ba. Wanda ya tura ƙarya yana da kaso a cikin cutarwarta.

Nasiha ga mai neman aiki

Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina ba shi da komai. Ɗan'uwansa na Ansar, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Ya shiga, ya dawo da ɗan cuku da man shanu. Da wannan ya fara, shi da daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Annabi Dawuda, duk da sarauta, daga aikin hannunsa yake ci.

Saboda haka, ya kai ɗana, riƙe waɗannan. Ka ajiye dosiyenka, ka yi rajista a hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, ka shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikata idan an buɗe, amma kada ka mai da jira ya zama sana'arka. Ka koyi aikin hannu ko da kana da digiri, domin ilimi ba ya hana allura, ƙara mata kyau yake yi. Duk wanda ba ka sani ba ya ce ka aiko kuɗi kafin a ba ka aiki, ka ɗauke shi ɓarawo har sai ka je ofishin da ƙafarka ka gani. Kuɗin intanet da kake saye ka tambayi kanka me suka dawo maka da shi. Ka kuma tsara yininka kamar mai aiki: tashi da asuba, lokacin nema, lokacin koyo, sannan lokacin fada da shayi.

Haƙƙin da ke kanmu

Zalunci ne a ɗora wa samari laifin duka. Guraben aiki kaɗan ne, masu nema suna da yawa, kuma wanda ya yi shekaru yana yawo da takardu yana buƙatar mai ƙarfafa masa zuciya, ba mai gori ba. Kai mai shago, kai magini, kai makaniki, ɗauki yaro ɗaya daga sahun da kuke salla tare ka koya masa. Kai mai hali, keken ɗinki ɗaya da ka saya wa saurayi ya fi sadakar da za ta ƙare a yini. Wanda ya ɗauki ma'aikaci ya biya shi a kan lokaci. Ku iyaye, ku daina raina sana'a a gaban ƴaƴanku.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona. Amma rufewar hanya ba ta ƙare daga annoba ba: rashin lafiya, rufe iyaka, fari da tsadar abinci duk suna iya zaunar da mutum. Wanda ya koyi riƙe lokacinsa a zama na farko, na biyu ba zai same shi hannu sake ba.

Allah Ya sa albarka a cikin lokutanmu, Ya buɗa wa samarinmu ƙofofin halal, Ya kiyaye ƙasarmu daga annoba da fitina. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.